Tayin Taya

Tsakanin Gujungu da Taura ta yi ƙara,
tamkar bindigar maharba a bakin fadama.
Talle ya diro daga saman kankana,
ya leƙa ƙasa, ya ɗago, bai ce uffan ba.
Ni na sani: ta hagu ce, ta baya.

Ta daɗe tana ba ni labari.
Tun kaka ta yi sanƙo,
faci bisa faci har goma sha ɗaya,
har Ubale mai faci ya rantse
ba zai ƙara ɓata gam ɗinsa ba:
"Hambali, wannan ta tashi daga taya,
iska ce kurum ka ɗaure da waya."

Sifiya kuwa, bar tone-tone.
Ranar sunan auta na kai ta kasuwa,
ita ta zama rago, muka sha miya.

Dubu tamanin da bakwai ke aljihuna,
cikinsu har da na mai, har da na shingen hanya.
Kankana ba ta san haƙuri ba,
rana tana dafa ta a kan gingimari,
mai kaya yana kira, ina juya waya.

Na hau acaɓa zuwa Ringim.
A shagon Alhaji Haladu ga sabuwa a leda,
baƙa wuluk, haƙoranta cif,
ƙanshinta ma sai mai hali.
Ya ce dubu ɗari uku da arba'in, "Taya mana."
Na taya taya, ba mai taya ni,
ya ce albarka tun ban rufe baki ba,
yaran shago suka ɓoye dariya.

Bayan tasha, wajen 'yan gwanjo,
wani ya mirgino mini wata mai ƙyalli.
Na sa farce cikin zanenta:
da wuƙa mai zafi aka sake mata haƙora,
aka shafe ta da baƙin mai.
Tsohuwa ce da kwalliyar budurwa,
ba ta kai ni Gezawa lafiya.

Can ƙarshen layi, gindin darbejiya,
Malam Gwadabe na yankan takalma.
A bayansa wata na kwance cikin ƙura,
gefenta sumul, ba tsaga, ba ƙari.
Na zura hannu in shafa cikinta,
aka sare ni a yatsa!
Kaza ce, kwance kan ƙwai tara,
ta mai da lambar da nake nema maɓoya.

Ya ce ɗari da ashirin.
Na ce saba'in, ya ci gaba da yanka.
Na tafi, bai kira ni ba. Na dawo da kaina.
Na zazzage aljihu a kan tabarmarsa,
har 'yan hamsin-hamsin da suka sha jiki.
Ya ƙirga sau biyu, ya dubi ƙafata, ya dubi kazar.
"Ƙaro kankana goma, masu jan ciki,
da gawar waccan, in fitar da takalma.
Ƙwan kuma kai za ka kwashe a hularka,
in ɗaya ya fashe, ciniki ya warware."
Na ce na saya.

Da hasken tocila muka ɗaura ta,
Talle na taka sifana yana nishi,
wani gashin kaza maƙale a bakin wili.
Na bar shi nan, ban cire ba.

Yanzu muna tafe, giya ta uku,
taga a buɗe, rediyo a kashe,
kunnena duk yana ƙasa.
Baƙuwar ta yi shiru, ta kama aiki.
Sauran taran ne nake jin suna gunaguni,
sa'o'in juna ne, tare suka tsufa,
kuma Kano da saura tafiya.