Sunan Yanka

Kakata Barmani ba ta san sunan magani ba,
launinsa ta sani.
"Je Aboabo, shagon Gariba,
ka ce jan kwali na ciwon kai,
da shuɗin nan mai hoton mutum yana atishawa,
in canji ya ragu, na kwalba mai ɗaci-ɗaci."

Ruwa ya tsare ni a rumfar shagon.
Gariba ya jera ukun kan gilashi,
ya gyara tabarau, bai miƙo ba.
"Duk na mutum ɗaya?"
Na ce na mutum ɗaya.
"A dare ɗaya?"
Na ce tun Laraba haka take yi.

Sai ya kife kwalayen
kamar mai duba cikin kifi a Kejetiya,
ya sa farce inda baƙaƙe suka ƙanƙance kamar kiyashi.
"Karanta."
Farasitamol.
"Na biyun."
Farasitamol.
A na ukun ma yana nan, ya raɓe tsakanin sunaye biyu
da harshena ya kasa hawa.

"Mutum guda ne, ya sauya riga sau uku.
Babban sunan nan kirarin kasuwa ne,
kowa da wanda ya raɗa.
Na ƙasan shi ke shiga jini, shi ke aikin,
sauran gari ne, da zaƙi, da rini.
Hanta ba ta ganin kwali, ɗana,
ƙidaya take yi,
kuma ba ta kuka da wuri."

Ya mayar da biyu kan kanta.
Cinikin sidi talatin ya koma goma,
bai ko tsuke fuska ba.

A gida faɗa ya tarbe ni tun daga zaure:
an aike ni uku, na kawo ɗaya.
Na ce, Kaka, a nan Barmani ce ke,
a bakin titi Mai Koko,
a katin asibiti Habsatu.
In ana rabon naman layya, kashi nawa ne naki?
"In da hali, uku,"
ta ce, dariya ta sarƙe ta da tari.

Ɗaya ta sha.

Yanzu ko kwalin ashana aka kawo
sai ta juya bayansa, ta nesanta shi da ido,
ta miƙo mini:
"Bar kirarin.
Karanto min sunan yankansa."