Tafireta a Ƙofar Kotu

Shekara talatin da ɗaya ina nan,
gindin darbejiyar kotun Tudun Wada,
tafireta a cinya, biro a kunne,
ina mai da kukan mutane takarda.

Bana bencin gabana ya huta.
Jikan Asabe mai waina ya miƙo waya:
"Baba Tanimu, ka ga abin nan?
Faɗa masa kawai, ya rubuta, ba ko sisi."

Na gani. Turancinsa ya fi nawa santsi.
Ba ya tari, ba ya neman shayi,
ba ya tashi salla ya bar mutane a layi.

Ran Talata sai ga Ladidi daga Kwarbai,
takarda a hannu, ido ya yi ja.
Na'urar ta jero mata sashen doka,
alƙali ya duba, ya sake dubawa,
babu shi a littafin kowa.
Gonar ubanta ce, can Dakace.

Na ce zauna, ɗauko daga tushe.
Ta yi shiru, na taya ta.
Cikin shirun ta tuno tsamiyar kan iyaka,
da wanda ya dasa,
da tsohon da ya ga an dasa, yana raye.
Wannan ba ta gaya wa waya ba,
wayar ba ta jira ba.

Ban ce na yi nasara ba.
Ɗana yana Kongo, karatun lauya;
jiya na leƙa ɗakinsa, da ita yake shawara.
Zaren tawadata ya kusa bushewa,
mai shago a Sabon Gari ya ce
an daina kawowa.