Awon Sama

Shekara talatin da huɗu ina awo a kasuwar Gujungu,
tiyata ta yi sulɓi kamar tafin jariri.
Na san riɗi da tsakuwa, na san gero mai ƙaiƙayi,
abin da hannu bai taɓa ba, ban yarda yana da nauyi ba.

Sai ga Sahura, autata, ta dawo hutu daga Dutse
da jaka cike da takardu.
Daren nan farin wata bai fito ba.
Muka baje tabarma bayan rumbu,
Kaza da 'ya'yanta na kiwo a saman tsamiyar Ɗan'azumi.
Ta ce, "Baba, sana'arka na gada. Ni ma awo nake koya."
Na ce, "Awon me?"
Ta ɗaga haɓa sama.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Wa ya kai igiya can? Wa ya riƙe masa bakinta?

Ta ce, "Miƙe hannu, ka tsai da babban yatsa saitin tsamiya.
Rufe idon dama. To, buɗe, rufe na hagu."
Yatsa ya yi tsalle, alhali ban motsa ba.
"Haka muke yi wa tauraro.
Mu dube shi ranar shuka, mu sake dubawa bayan wata shida,
duniya ta kewaya ɗaya gefen rana, ta zame mana ido na biyu.
Na kusa ya gusa da yawa, na nesa ya gusa kaɗan.
Daga gushin nan ake fitar da nisa."

Na yi shiru. Wani kare ya yi haushi can unguwar maƙera.

Ta kunna fitilar ƙwai, ta ajiye nesa da mu.
Ba a jima ba wata fara ta gifta, hasken ya ɗan rage.
"Ka gani? Ko ba ka ga farar ba, ka san wani abu ya wuce.
Idan tauraro ya dushe, ya dawo, ya kuma dushewa,
kan lokaci, kamar cin kasuwa mako-mako,
to akwai wata duniya da ke kewaya shi."

Na ce, "Kin gan ta?"
Ta ce, "A'a. Inuwarta muka ƙirga."

Daga titin Ringim wata babbar mota ta danno ƙaho,
da ƙarfi tana tahowa, da kauri tana wucewa.
Sahura ta kama hannuna: "Ji yadda muryar ta faɗi!
Haske ma haka yake, in mai shi na gudu sai ya yi ja.
Da haka aka gane tarin taurarin nesa
baya suke ba mu, sararin kansa yana buɗewa
kamar ƙullin waina da ya kwana."

Ni da na sha kama masu cusa yashi a ƙasan buhu,
sai na nemi inda ƙaryar take.
Na ce, "To, duka nawa ne? Faɗi jimla."

Ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta.
"Baba, in sama buhu ce mai tiya ashirin,
ɗaya tak muka san abin da ke cikinta.
Sauran sha tara, nauyinsu kawai muke ji."

A nan na yarda da ita.
Mai ha'inci ba ya cewa awonsa bai cika ba.

Ta yi barci kafin Gamzaki ya fito.
Ni kuwa ina zaune, tsoho da furfura,
ina rufe ido ɗaya, ina buɗe ɗaya,
har ladan ya same ni da yatsa a sama.