Tsaya, Duna

Wofa Agyekum ne ya kawo shi cikin kwali,
kwalin batir, duk ya sha baƙin mai.
Ya ce, "Nasidi, ga abokin gadi.
Ɓarayin Suwame sun daina jin kunyar furfura."
Na leƙa, ya leƙo,
kunne ɗaya a miƙe, ɗaya ya kwanta kamar bakin buhu.
Na ce, to, sunanka Duna.

Ni da kare bai taɓa shinshinar rigata ba.
Na ware masa kwano,
na rataye butata a ƙusa, can sama,
na ja layi da ƙafa gaban buzun salla:
nan nawa, can naka.

Gudu bai nemi malami ba.
Haushi kuwa da shi aka haife shi.
Abin da ya gagare mu kalma ɗaya ce, 'yar ƙarama,
wadda ko yaron mota ya iya faɗi:
tsaya.

Bayan la'asar, in makanikai sun wanke hannu da kananzir,
sai mu shiga tsakanin gawarwakin motoci.
Ganda a aljihuna,
ragowar wake da shinkafar Ladidi ta Aboabo.
In ɗaga tafi. In ce, tsaya.
In ja da baya taku ɗaya.
Kafin dugadugina su taɓa ƙasa yana kan gwiwata,
wutsiya na share tsakuwa.

Kaza ta ɓata mana Talata.
Hon ɗin tirotiro ya ɓata Laraba.
Ran Alhamis na daka masa tsawa,
ya shige ƙarƙashin tifa har magariba,
ni kuma na ci tuwona babu daɗi.

Kofi, yaron walda, ya yi ta dariya:
"Baba, karen Asante ne, ba ya jin Hausa!"
Na ce, ai ni ma da na zo ba na jin naku,
yunwa ce ta fassara mini.

Sai da damina ta raba tsakiya na gano kuskuren,
kuma ba nasa ba ne.
Ina tsayar da shi, sannan in kira shi daga nesa.
Ashe ba haka ake yi ba.
Wanda ya ce tsaya, shi ke komowa.
Ka tafi, ka dawo da ƙafarka har inda ka bar shi,
ka sa masa ladansa a baki.
Taku ɗaya, ka dawo.
Taku biyar, ka dawo.
Ba zama yake koyo ba,
yarda yake koyo cewa bayanka ba ƙarshenka ba ne.

Daren da ya fara yi daidai,
na zaga bayan tanka, inda ba ya hango ni,
na ƙirga talatin da carbi.
A nan, cikin warin taya da ruwan kwata,
na ga tashar Gwadabawa.
Na ga tafina a sama, wannan tafin dai,
da Inna riƙe da ƙullin fura da ban karɓa ba.
"Ki dakace ni, goro na yin araha zan juyo."
Shekara arba'in da ɗaya.
Ta dakata goma sha tara daga ciki.
Sauran, wasiƙa ce ta gaya mini.

Carbi ya wuce talatin ban sani ba.
Ya kai ɗari, ko fiye.

Na fito da sauri, gwiwa na ƙara.
Yana nan.
Yayyafi ya jiƙa masa baya,
ƙafafun gaba na rawa, wuya ya miƙe tamkar zai tsinke,
amma bai ɗaga daga inda na ajiye shi ba.

Na taka har gabansa.
Na juye masa aljihun duka.
Na ce, to, taso.

Ya tsallake layin da na ja,
ban ce komai ba.
Da asuba na wanke buzun.