Kife Ta Tukuna

Wata goma sha ɗaya ina tara kuɗin nan
a kan babur, cikin yayyafin São Paulo,
abincin wasu a bayana, nawa cikin yana kuka.
Tsohuwar kwamfutata ta mutu ran wata Talata
ana tsakiyar wasa, Edivaldo na ihu a kunnena:
"Tsare min baya!" Sai allo ya yi baƙi ƙirin,
ƙauri ya tashi kamar an manta wake a wuta.

Ba gatan da ban yi mata ba.
Na ɗora ta kan kwalin ƙwai don ta sha iska,
na juya mata fankar ɗaki, ni ina jiƙe da gumi.
Shekara biyu ta ba ni. Biyu tak.

Edivaldo ƙanena ne, yana Porto yana ɗaukar bulo.
A waya ba mu iya hira ba:
"Lafiya?" "Lafiya." Sai shiru.
Amma a cikin wasa, in mun laɓe bayan katanga ɗaya,
nan yake faɗa min abin da yake ɓoye wa Mama.

Ran Asabar na shiga layin Santa Ifigênia,
yaran shago na jan rigata dama da hagu.
Ga wata siririya kamar an goge ta da dutsen guga,
madannanta na sauya launi, ja, kore, shuɗi.
Wallahi har na kai hannu aljihu.

"Kife ta tukuna."
Wata tsohuwa ce a lungu, bayan tulin matattun caja,
Dona Neuza mai gyara,
sukurudireba soke a gashinta.
Ta ce, "Ɗana, fuska ta mai sayarwa ce, ciki ne naka.
Ƙirga min ƙofofin iskarta. Biyu? 'Yan tsagu?
Wannan za ta dafa kanta kafin ka gama biyan bashi.
Wasa wuta ne, abin da ba ya numfashi ba ya tsufa."

Ta jawo wata daga ƙasan kanta,
baƙa, mai kauri, ba ko ɗigon ado.
Ta kwance kusoshi goma, ta buɗe min cikinta:
fanka biyu, bututun tagulla kwance kamar jijiya.
"Ga ƙwaƙwalwarta, ba a liƙe ta da dalma ba,
baɗi in ta yi maka kaɗan, ka zare ka ƙara.
Batir ya gaji? A sauya. Ma'aji ya cika? Ga gurbi.
Buɗe murfin da yatsa ɗaya, ka ji maɗaurinsa.
Yawancin gawar da ake kawo min,
a wuya suka karye."

Na ce ta yi nauyi.
Ta dube ni ta saman tabarau:
"Kai da kake goyon abincin mutum takwas?"
Na ce ta fi tsada.
Ta ce, "Sayen na gari, mai da kuɗi gida.
Kuma kada ka ɗora ta kan bargo.
Duk wata shida ka kawo ta in share mata ƙura,
ka zo da kofi, ba sukari."

Na goyo ta a akwatin abinci, naɗe cikin rigar ruwa,
ina kauce wa kowane rami kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ƙarfe tara a nan, dare ya raba a can.
Fanka ta fara wani siririn huci, ba gardama.
Na sa tafin hannu a gefenta: ɗumi, ba zafi ba.
Sai ga muryarsa, da 'yar shaƙewa:
"Valdecir? Ina ka shige tun bara?"
Na ce, "Matsa, ga ni."
Muka laɓe. Ba wanda ya yi harbi.
Can ya ce, "Ka san na yanke a hannu?
Kar ka gaya wa Mama."