Majigi a Bolari

Ni na ɗaura farin zani a katangar firamare,
ni na jawo waya daga injin Bappa Garkuwa,
shi ya sa ban kalli allon sosai ba.
Fuskoki na kalla.

Yara sun cika gaba tun ba a yi isha'i ba.
"Katun ne!" in ji ɗan Sabuwa mai awara,
suka baje a ƙasa, kowa da rake a hannu.
Sai ga yarinya, zanen alƙalami,
kai kamar ƙoƙo, ƙafafu kamar tsinken tsire,
tana jan akuya da shuɗiyar igiya.
Suka tuntsire da dariya,
wai akuyar ta fi kama da kujera.

Amma muryar ba zane ba ce.
Muryar babbar mace ce,
mai tsayawa ta haɗiye yawu kafin ta ci gaba:
"Shekarata bakwai. Tuwo na kan wuta.
Har yau ban san wanda ya sauke tukunyar ba."

Rake ya tsaya a bakin yara.

Baba Kyari mai wankin hula ya yi tsaki,
ya ce ba haka ake jinkar ɗaki a garinsu ba,
wanda ya zana wannan bai taɓa riƙe ciyawa ba.
Ya faɗa sau uku, ba mai musa masa.
A na huɗu muryarsa ta ƙi fita.

Wata ɗalibar jami'a, Lamela,
ta raɗa wa ƙawarta: "Kin lura?
Ba su sa ja ba ko ɗis.
Inda jini zai kasance, fari suka bari."
Daga baya wani ya ce, "Ai wasa ne,
in gaskiya ce su nuna mana fuskarta."
Wani ya ce, "In sun nuna, za ka iya kallo?"

Sai injin ya yi tari, ya mutu,
daidai yarinyar na bakin kogi,
igiya a hannu, manya suna tuɓe takalma.

Duhu. Ƙarar keke napep can titin Biu.
Ina lalube filogi da fitilar waya a baki
na ji wata murya daga gefen mata,
a hankali, kamar mai faɗin farashin gishiri:

"Sakin akuyar za ta yi.
Ba a ƙetarewa da akuya. Kuka take, a ji ku."

Ya Bintu ce.
Shekara tara tana yi wa unguwar nan wankau,
rigar da ke jikina ita ta goge ta.
Sabuwa ta ce, "Au, kin taɓa kallonsa?"
Ta ce, "Ban taɓa ba."

Na ja igiyar injin, ya ƙi.
Na sake ja. Da ma ya ƙi har safe.
Haske ya dawo kan zanin,
yarinyar ta durƙusa tana kwance ƙulli da haƙori,
akuyar ta tsaya, ba ta san an sake ta ba.
Igiyar kuwa, yarinyar ta naɗe a ƙugu.

Ba a yi tafi ba.
Masu shirya taron sun raba takardar tambayoyi,
iska ta kwashe rabi zuwa kwata.
Baba Kyari ya manta takalminsa ƙafa ɗaya.
Ɗan Sabuwa ya bi ni har ina naɗe waya
yana tambaya wa ya tsinci akuyar,
na ce ban sani ba, ya ce to a mayar baya a duba.

Da safe ta yi sallama, ta zo karɓar wanki.
Na miƙa mata farin zanin, duk ƙurar katanga.
Na buɗe baki.
Ta ce, "Wannan sai an jiƙa shi kwana guda."
Na ce to.