Ƙugiyar Ɗayyabu

Ƙarfe ɗayan dare a Unguwar Sanusi,
Nefa ta ɗauke tun bayan isha'i,
batir ya ce saura talatin da ɗaya.
Ni da shafin makarantar Malama Lantana
muna hararar juna kamar zakaru biyu a akurki.

Gobe iyaye za su duba sakamakon 'ya'yansu.
Komai ya zauna daram:
maki ya hau, hoto ya fito, maɓalli na amsa kira.
Sai suna guda.
Ɗayyabu Ƙasimu, aji biyar, na ɗaya a lissafi,
allo ya haɗiye masa ƙugiya biyu,
ya tofo alamar tambaya a gurbinsu,
kamar inji na cewa: wane ne wannan? Ɗan wa?

A kwamfutata lafiyarsa ƙalau.
Na sha faɗin wannan magana,
ban taɓa ganin ta biya bashi ba.
Abin da aka yaba a ɗaka
sai ya je kasuwa ake sanin kuɗinsa.

Lalaci ya matso kusa da kunnena:
cire ƙugiyar mana, wa zai lura?
Na ce a'a. In na bi ta taka
baƙi ya koma baki, ɓari ya koma bari,
ƙashi kuwa, mu bar shi nan, akwai manya a wurin.

Na tuna Oga Dogara na Barnawa,
wanda ya koya mini aikin a shago mai fanka ɗaya.
Kafin ka taɓa komai, ajiye kwafi, in ji shi.
Canza abu guda ka gwada,
mai jifa da dutse goma
bai san wanda ya kaɗo mangwaro ba.
Kuma karanta saƙon kuskure har ƙarshensa,
inji ba ya ƙarya, gaisuwa ce kawai bai iya ba.

Na bi sawun sunan kamar mai cigiyar akuya.
A rumbun bayanai yana nan da ƙugiyarsa.
A goshin shafi na rubuta abin da ya dace.
To a ina ɓarawo ya tare shi?

Na fita teburin Tanimu mai shayi.
Bai san kod ba, bai taɓa tambaya ba,
shi ya sa nake kai masa ƙara.
Na zayyana masa tiryan-tiryan yana fifita gawayi.
Ya ce: tukunya lafiya, kofi lafiya,
shayi ya iso da ɗaci?
Malam, duba rariya.

Ban tsaya karɓar canji ba.

Layi ɗaya ne, tsakanin rumbu da shafi,
ɗan aike mai tsohon baƙaƙe,
wanda bai taɓa jin labarin ɗa da ƙa ba.
Na ce masa UTF-8, na adana, na sabunta.
Alamar tambaya na nan.
Gabana ya faɗi har ƙasan kujera.

Sai na tuna burauza mai riƙo ce,
tana ajiye jiya a aljihu ta nuna maka a matsayin yau.
Na kakkaɓe mata aljihun.
Ga shi nan.
Ɗ ta tsaya da ƙugiyarta kamar an karkata hula.

Na gwada a tsohuwar wayar ƙanwata,
mai fasasshen gilashi, sabis sanda ɗaya,
don irinta ce a hannun yawancin iyaye.
Ya buɗe, da jan ƙafa, amma ya buɗe.

Saura huɗu a batir.
Na bar wa kaina wasiyya a saman layin:
kada ka goge wannan, ka sha wuya a kansa.

Anjima wani uba a Rigasa zai ga sunan ɗansa daidai,
ba zai san an yi kokawa ba.
Haka ma ya fi.
Ladan ya fara gyaran murya,
ni kuma Tanimu na riƙe da naira ɗari biyuna.